Tsakanin Manhaja da Aji: Sharhi a Kan Tsara Kwasa-kwasan Hausa da Musayarsu a Jami'o'in Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 1989 zuwa 2022 an fito da manyan kundaye uku da ke fayyace mafi ƙarancin abin da ya wajaba jami'o'in Nijeriya su koyar kafin su ba da digirin farko, kuma muhawarar da takan biyo baya ba ta cika wuce batun wanda ya cancanci ya tsara kundin ba. Abin da ba a tsayawa a kansa shi ne wata 'yar takarda mai shafi biyu ko uku, wadda ke tsakanin wancan babban kundi da ɗalibin da ke zaune a aji, wato tsarin kwas da malami yake shiryawa domin zango guda. Wannan maƙala sharhi ce a kan yadda ake shirya wannan takarda a sassan da ke koyar da Hausa, da yadda take wucewa daga hannu zuwa hannu. An fi karkata ga sassan da ke wajen ƙasar Hausa, inda galibin ɗalibai ba su tashi da harshen ba, domin a nan ne rauninta ya fi fitowa fili.

A wannan maƙala, manhaja na nufin jerin dukkan kwasa-kwasan digiri, bayanin kwas shi ne layuka uku ko huɗu da ake rubutawa a ƙarƙashin sunan kowane kwas a littafin sashe, tsarin kwas kuwa shi ne rarraba wannan bayani mako-mako, tare da littattafan da za a karanta da yadda za a auna ɗalibi.

2.0 Manhajar Ƙasa da Iyakarta

Doka mai lamba 16 ta 1985 ita ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ikon gindaya mafi ƙarancin mizanin karatu, kuma a 1989 aka fito da kundin farko wanda ya ƙunshi fannoni 13. A kansa aka fara aikin tantance darussan jami'o'i a 1990. Kundin BMAS ya maye gurbinsa a 2007, sannan a watan Disamba na 2022 aka ƙaddamar da CCMAS mai fannoni 17. Sabon abin da wannan na ƙarshe ya zo da shi shi ne rabo: Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A digirin shekara huɗu mai kiredit 120, wannan na nufin 84 na Hukumar, 36 na jami'a. A 2023 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soki tsarin, tana mai cewa ya shiga hurumin majalisun dattawan jami'o'i.

Wannan suka tana da tushe, musamman idan aka tuna cewa kwasa-kwasan bai-ɗaya, irin su Ingilishi da koyon sana'a, a cikin kason Hukumar suke, kuma daga lokacin ɗalibin Hausa suke ci. Amma ko da an juya rabon, jami'a ta ɗauki 70, matsalar da ake magana a kanta ba za ta gushe ba. Manhaja, ko wa ya tsara ta, iyakarta ta ambaci sunan kwas da abin da ya ƙunsa da abin da ake fata ɗalibi ya iya. Ba ta faɗin da me za a fara, ko mako nawa za a ba kowane batu. Kiredit ɗaya daidai yake da awa 15 na lacca a zango, ke nan kwas mai kiredit biyu awa 30 ne kacal. Bayanin kwas na iya cewa za a gabatar da tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jumla, duka a layi guda. Yadda za a kasa waɗannan a awa 30 shi ne ainihin aikin, kuma shi ne wanda babu mai dubawa. Masu tantancewa kan ga littafin sashe da takardun jarrabawa, mai duba jarrabawa daga waje kan ga tambayoyi da amsoshi, amma abin da ya gudana tsakanin makon farko da na goma sha biyar yakan zauna a ƙwaƙwalwar malami shi kaɗai.

Illar haka takan bayyana duk lokacin da zango ya gajarce. Bayan yajin aikin 2020 wanda ya kai kimanin wata tara, da na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas, jami'o'i da yawa sun matse zangunansu. Inda akwai rubutaccen tsari, sashe na iya zama ya yanke abin da za a rage da inda za a rama shi. Inda babu, abin da ya faɗo a ƙarshen littafin malami shi ke zubewa, ba don ya fi ƙarancin muhimmanci ba, kuma malamin aji na gaba ba zai sani ba sai ya ga ɗalibai sun yi zuru.

3.0 Tsarin Aro

Mafi yawan malaman da ke koyar da Hausa a wajen ƙasar Hausa a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri suka yi karatu. Idan aka damƙa wa irin wannan malami kwas, abu mafi sauƙi shi ne ya buɗe akwati ya ɗauko littafin da ya rubuta lacca a ciki yana ɗalibi, ya bi shi babi-babi. Ba laifin malamansa ba ne, domin sun tsara darasinsu ne don ɗaliban da suka sha harshen a nono. Laifin yana ga ɗaukar rigar wani a sa wa wani ba tare da an gwada ba.

3.1 Ta Fuskar Harshe

Kwas ɗin nahawu da aka shirya wa Bahaushe aikinsa shi ne ya sanya wa abin da ɗalibi ya riga ya sani suna. Ɗalibin ba ya taɓa kuskuren cewa "ya saya doki". Ya san ana cewa ya saya, ya sayi doki, ya saye shi, tun kafin ya ji labarin azuzuwan aikatau da Parsons (1960) ya tsara. Lacca ɗaya ta ishe shi ya gane cewa wannan shi ake kira aji na biyu. Ɗalibin da ya fito daga Abakaliki ko Ondo kuwa, wannan sauyin wasalin ƙarshe shi ne darasin gaba ɗaya, kuma yana bukatar makonni na maimaitawa da baki kafin a kawo masa sunan. Tsarin aro yakan ba batun awa biyu, ya wuce. Sakamakon shi ne ɗalibin da zai iya jero azuzuwan bakwai a takardar jarrabawa, ya ci maki mai kyau, amma ba zai iya cinikin albasa da su ba.

Haka abin yake ga jinsi. Yarabanci da Ibo ba su rarrabe namiji da mace a wakilin suna, don haka bambancin ya da ta, ko ka da kika, da zaɓen -n ko -r a mahaɗi, abu ne da ɗalibi zai yi ta tuntuɓe da shi har ajin ƙarshe in ba a kafa shi da wuri ba. Ga kuma jam'i mai siga barkatai, da bambancin sun zo da su ne suka zo, wanda Bahaushe ba ya ma lura da cewa yana yin sa. A tsarin aro waɗannan duka ƙananan kanun batutuwa ne, alhali a wurin mai koyon harshe na biyu su ne ginshiƙan kwas ɗin.

Abin da ya fi ban takaici shi ne yadda tsarin aro yake zubar da abin da ɗalibin ya zo da shi. Bayerabe ya tashi da karin sauti mai hawa uku, kuma ya saba ganin alamarsa a rubutun harshensa. Ɗalibin Ibo ma kunnensa a buɗe yake ga karin sauti. Saboda haka bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, wanda yake ga karin gaɓar ƙarshe, ba ya ba su wahalar da yake ba Bature. Abin da ke kayar da su shi ne tsawon wasali, kamar a gari na mutane da gari na tuwo, da baƙaƙe irin su ƙ da ɗ da ts da 'y, sannan da cewa daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Tsarin da aka gina a kan sanin waɗannan ɗalibai zai rage lokacin gabatar da karin sauti, ya ƙara na tsawon wasali, ya kuma yanke shawara a fili: shin za a riƙa sa alamomi a duk abin da aka ba su su karanta a shekarar farko, kuma a wane zango za a janye su? Tsarin aro bai taɓa fuskantar wannan tambaya ba, don haka ba shi da amsarta.

Ba kuwa rashin abin koyi ne ya jawo ba. Kraft da Kirk-Greene (1973) da Cowan da Schuh (1976) sun jera darussansu ne don baƙon harshe, haka ma faifan bidiyon Hausar Baka da Schuh da Abdullahi Bature suka shirya. Aibinsu ɗaya a nan: mai jin Ingilishi suka nufa, ba mai jin Yarabanci ko Ibo ko Efik ba. A cikin gida ma, mizanin kwalejojin ilimi ya daɗe da raba Hausa a matsayin harshen farko da Hausa a matsayin harshe na biyu, bisa tanadin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 cewa yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku bayan nasa. Abin mamaki ne a ce kwaleji ta gane wannan bambanci, malamin jami'a kuwa ya shiga aji kamar babu shi.

Akwai kuma batun keɓaɓɓun kalmomi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, ya yi ƙoƙarin daidaita su, amma har yanzu ana samun malami guda yana cewa aikatau da wakilin suna, na kusa da shi yana cewa fi'ili da lamiri. Bahaushe zai gane cewa abu guda ake nufi. Baƙon harshe zai ɗauka abubuwa huɗu ne. Rabin shafi a ƙarshen tsarin kwas, mai jera kalmomin da za a yi amfani da su, ya isa ya kashe wannan ruɗani. Haka nan ya kamata tsarin ya faɗi harshen da za a yi lacca da shi, da lokacin da za a bar Ingilishi a koma Hausa zalla, maimakon a bar abin ga yadda malami ya tashi a ranar.

3.2 Ta Fuskar Adabi da Al'ada

Jerin littattafai shi ne ɓangaren tsarin kwas da ya fi saurin tona asirin mai shi. A kwas ɗin ƙagaggun labarai, abin da aka saba gani shi ne littattafan gasar 1933, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sai Jiki Magayi da Magana Jari Ce, sai a tsallako zuwa So Aljannar Duniya da Turmin Danya, a rufe. Babu mai jayayya da darajar waɗannan. Tambayar ita ce dalilin da aka sa kowanne, da matakin da aka sa shi. Hausar Ganɗoki, da kirarinta da kalmomin yaƙinta, takan gagari Bahaushen birni na yau, balle ɗalibin da ya fara gaisuwa bara. Bin tarihin bugu wajen jera littattafai ya dace da kwas ɗin tarihin adabi. A kwas ɗin da manufarsa ita ce ɗalibi ya iya karanta labari ya feɗe shi, sauƙin harshe ya kamata ya ja gaba, ko da zai sa a fara da littafin 1991 a ƙare da na 1934.

Muhawarar da aka yi a shekarun 1990 a kan adabin kasuwar Kano, wadda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi fice a cikinta, ta shafi wannan batu kai tsaye. Ko wane ɓangare mutum ya bi, littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu an rubuta su ne da Hausar da ake magana da ita, cike da hira, kuma wannan kaɗai ya ba su gurbi a ajin masu koyo. Mai tsara kwas yana da 'yancin ya ƙi su, amma ya kamata ƙin ya zama hukunci ne da ya yanke, ba gado ne da ya tarar ba.

Wani aibin shi ne jera littafin da babu shi. Ana iya ganin tsari ɗauke da Galadanci (1976) da Bagari (1986) da Yahaya (1988) da Newman (2000) da Jaggar (2001), jeri mai ƙayatarwa, alhali ba a tambayi ko ɗakin karatun jami'ar yana da kwafi ɗaya daga cikinsu ba. Ɗalibin Kano na iya shiga kasuwa ko ya ara a wurin na gaba da shi. Na Kalaba ba shi da wannan gata. Littafi uku da ke hannu, an nuna shafukan da za a karanta kowane mako, sun fi ashirin da ke kan takarda.

A kwasa-kwasan adabin baka da al'ada ne kason jami'a na kashi 30 zai fi yin amfani, in an so. Ɗalibin Faransanci yana da ƙauyen koyon harshe da aka kafa a Badagry a 1991, an kuma kafa wa na Larabci irinsa a Ngala a 1992. Mai koyon Hausa a kudu yana da abin da ba sai gwamnati ta gina ba: Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa tun 1916 kuma Abner Cohen (1969) ya yi nazarinta, da Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo ta Shagamu mai cinikin goro, da Ama Awusa a Owerri, da kasuwar shanu ta Lokpanta. A waɗannan wurare akwai sarkin Hausawa da mahauta da wanzamai da makarantun allo, ana suna ana biki. Amma tsarin aro zai sa ɗalibi ya haddace bayanin hawan salla da bai taɓa gani ba, ya bar zangon da ke bayan tashar motar garinsu. Kwas a kan Hausar zango, da yadda take cuɗanya da harshen masu masauki, abu ne da sassan kudu suka fi kowa damar yi, kuma shi ne gudummawar da sassan arewa za su nema a wurinsu.

4.0 Ɓoyo da Musaya

Ilimin zaure a ƙasar Hausa bai san ɓoyon manhaja ba. Kowa ya san cewa a fiƙihu ana bin Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, har a kai Askari da Muhtasar. Almajirin da ya tashi daga Zariya ya sauka Katsina yakan faɗi littafin da yake da babin da ya tsaya, sabon malami ya ɗora masa daga nan. Darajar malami tana ga yadda yake warware littafin, ba ga ɓoye sunansa ba. A jami'a kuwa, inda ake da'awar ilimi a buɗe yake, ana samun malamai biyu a ofis guda, ɗaya yana koyar da ginin jumla na aji biyu, ɗaya na aji uku, ba wanda ya taɓa ganin tsarin ɗan'uwansa. Sai a maimaita batu guda sau biyu, wani batun kuma kowa ya ɗauka ɗayan ya yi shi.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai tsoron suka, domin wanda ya rubuta tsarinsa ya nuna iyakar karatunsa. Akwai ragowar al'adar sayar da handawut, wadda ta mai da abin da za a koyar haja. Akwai kuma cewa aikin ba ya cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma: maƙala mai shafi goma tana da maki, tsarin kwas da aka shekara biyar ana gyara shi ba shi da ko ɗaya. A ƙaramin sashe mai malaman Hausa biyu ko uku, farashin wannan ɓoyo yana da tsada. Ranar da ɗaya ya tafi hutun bincike ko ya sami canjin aiki zuwa gida, kwas ɗin yakan bi shi a jaka, wanda ya gaje shi ya koma ga layuka huɗun littafin sashe.

Fasaha ta kawar da uzurin tsadar bugu. Tun 2002 jami'ar MIT ta Amurka ta fara sanya tsare-tsaren kwasa-kwasanta a intanet kyauta, Jami'ar Karatu Daga Gida ta Nijeriya ma ta sanya littattafan kwasa-kwasanta inda kowa zai iya saukewa, kuma takarda na iya zagaya malaman ƙasar nan ta WhatsApp a yini guda. Sai dai sauƙin yaɗawa ba shi ne musaya ba. Idan abin da ke yawo jerin kanun batutuwa ne tsura, to tsarin aro ne ya sami mota: za a sauke, a canza sunan jami'a da na malami, a raba wa ɗalibai. Tsarin da ya cancanci a miƙa wa wani shi ne wanda ya faɗi su wane ne ɗaliban da aka shirya shi dominsu, da harsunansu na farko, da yawansu a aji, da dalilin da aka gabatar da wannan batu a kan wancan, sannan a ƙarshen zango malami ya ƙara 'yan layuka a kan makon da lokaci bai isa ba da littafin da ya gagari ɗalibai. Da irin wannan bayani ne mai karɓa zai san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Wannan bai bukaci sabuwar doka ko izinin Hukuma ba. Yana cikin ikon kwamitin sashe ya nemi kowane malami ya ajiye tsarinsa a fayil kafin zango ya fara, a karanta su tare a zama guda, a ba ɗalibai kwafi a makon farko, a kuma haɗa shi da tambayoyin da ake aika wa mai duba jarrabawa daga waje, domin ya auna tambayoyin da abin da aka ce an koyar. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969, da Cibiyar Harsunan Nijeriya ta Ƙasa da aka kafa a Aba a 1993, wurare ne da suka dace a tara irin waɗannan tsare-tsare, a ware na masu harshen farko daban da na masu harshe na biyu. Kwas ɗin da ya fi bukatar a fara da shi shi ne na nahawun shekarar farko, domin a kansa sauran suke hawa, kuma malamin Hausa da ke koyar da shi a kudu yana da abokan shawara a kusa, wato malaman Yarabanci da na Ibo da ke sashe ɗaya da shi, waɗanda suka san inda harshen ɗalibansa zai taimake su da inda zai ja su baya.